Zagayen Ƙasan Jirgin Ruwa: Ya Ci Kuɗinsa Kuwa?

Daga Barcelona jirginmu ya tashi, ɗaya daga cikin manyan jiragen shaƙatawa da ke kewaya yammacin Bahar Rum, su taɓa Marseille a Faransa, su gangara Genoa da Napoli a Italiya, su dawo inda suka fara. A irin wannan tafiya jirgi kwana yake yi yana gudu, gari na wayewa ya ɗaure a wata tasha. Sau da yawa rana ɗaya tak ake wuni a tsakiyar ruwa ba a ga tudu ba, wato ranar teku, kuma galibi a ranar ce ake buɗe wa 'yan tsirarun fasinjoji ƙofofin da aka rubuta wa "ma'aikata kawai". A zagaya da su sito da kicin da wurin wanki, a leƙa ɗakin kula da injuna, a ƙare a ɗakin tuƙi. Ba kyauta ba ne. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa: Royal Caribbean na ce masa All Access Tour, Carnival na cewa Behind the Fun, Princess kuma Ultimate Ship Tour. Farashi na sauyawa da girman jirgi da lokacin shekara, amma cikakken zagaye yawanci tsakanin dala 100 zuwa 200 yake a kan mutum ɗaya, na kimanin awa 2 zuwa 3. Na biya na shiga.

Gurbin kaɗan ne, don ba a cika ɗaukar fiye da mutum 15 zuwa 20 a rukuni ɗaya ba, a jirgin da ke ɗauke da dubban fasinjoji. Wasu kamfanoni na sayar da tikitin a manhajarsu tun kafin ranar tafiya, wasu kuwa sai an hau jirgi, a teburin da ake sayar da tikitin yawon gari. Wanda ya bari sai jajibirin ranar ya makara. Kafin ka miƙa katin ɗakinka a cire kuɗi, tambayi mai teburin abu biyu, kuma kada ka yarda da amsar da ba ta fito fili ba: za a shiga ɗakin tuƙi, kuma za a shiga ɗakin kula da injuna? Akwai zagaye mai rahusa da ke tsayawa a kicin da bayan dandamalin wasa kawai, sunansu kusan ɗaya da na cikakken. Bayan nan ka tambayi harshen da za a yi bayani. A Bahar Rum jirgi ɗaya kan haɗa masu Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci da Jamusanci da Ingilishi, kuma idan aka cakuɗa rukuni, rabin lokacin a fassara yake tafiya. Ka ji ko za a ba da abin sawa a kunne, domin a ƙasan jirgi ƙarar fanka da inji ba ta barin na bayan layi ya ji mai jagora. A namu ba a bayar ba, kuma duk wanda bai matsa gaba ba a wurin wanki sai dai kallo. Ka kuma ji me zai faru da kuɗinka idan hazo ko cunkoson jiragen ruwa ya sa kyaftin ya hana shiga ɗakin tuƙi a ranar, don yana da ikon yin haka ba tare da shawara da kowa ba.

Sutura ma ba abin wasa ba ce. Takalmi sau-ciki mai shafaffen ƙasa dole ne, mai silifa ko mai tsini ana mai da shi daga bakin ƙofa. Matattakalan ma'aikata na ƙarfe ne, a tsaye suke, kuma kowace ƙofa tana da dokin ƙarfe da sai an ɗaga ƙafa a tsallake. Babbar riga ba ta wannan wuri ba ce. Mace ta sa hijabin da bai ja ƙasa ba, ta cusa bakin mayafi, don hannu biyu ake so a kan ƙarfen dafawa. Akwai mafi ƙarancin shekaru ga yara, ya danganta da kamfani, kuma mai ciwon gwiwa ya sani lif ba ya kaiwa ko'ina.

A wurin taruwa jami'in tsaro ya duba sunan kowa, ya bi jikinmu da sandar bincike, ya rataya mana kati a wuya, shi kuma ya tsaya a bayan layi har ƙarshe. Wasu kamfanoni na karɓe waya gaba ɗaya, wasu na barin hoto ban da wurare biyu ko uku. Daga nan aka tura wata ƙofa kusa da lif, kafet ya ƙare, sai ƙarfe mai fenti da farin fitila.

Abin da aka fara sauke mu a kai shi ne babban lungun da ya ratsa jirgin daga goshi zuwa baya, kusan daidai da fuskar ruwa. Ma'aikata na ce masa I-95, sunan babbar hanyar da ta bi gabar gabashin Amurka. Komai ta nan yake bi: akwatunan fasinjoji, kwandunan zannuwan gado, buhunan fulawa, shara, da ma'aikata masu sauri zuwa aiki. An ce mu bi gefe ɗaya a layi guda. A nan mai jagora ya nuna mana ƙofofin hana ruwa, waɗanda ke zamewa da ƙarfin inji su raba ƙasan jirgi gida-gida idan ya huje. Ana iya rufe su duka daga ɗakin tuƙi. Ƙararrawa na kaɗawa kafin su motsa, kuma dokar ita ce ko kana sauri kada ka ratsa wadda ta fara tafiya, don ba ta tsayawa saboda mutum.

Sito shi ne wuri na farko da na ji kuɗina sun fara dawowa. Ba ɗaki ɗaya ba ne, jerin ɗakuna ne kowane da ma'aunin sanyinsa a bakin ƙofa: na nama, na kaji, na kifi, na madara da cuku, na ganye da 'ya'yan itace, na busassun kaya. Firiza na tsayawa a digiri 18 ƙasa da sifili ko fiye, ɗakunan sanyi kuwa ba sa wuce digiri 5. Akwai ɗaki na musamman da ake narkar da daskararren nama a hankali cikin sanyi, ba a ajiye shi a fili ya narke, saboda bayansa zai ɗumama ƙwayoyin cuta su samu wuri alhali cikinsa na nan da ƙanƙara. Ba abin da ke taɓa ƙasa, komai a kan katako ko kanta. Mafi yawan kayan a rana ɗaya ake loda su, ranar da tsofaffin fasinjoji ke sauka sababbi na hawa, cikin 'yan awowi. A jirgi irin Symphony of the Seas ana maganar ƙwai kusan 60,000 a mako. Mai kula da sito ya ce abin da ya fi ba shi aiki ba yawan ba ne, lissafin nuna ne: dole a sayi ayaba da tumatir kashi-kashi, wasu nunannu na yau, wasu ɗanyu da za su nuna a ƙarshen mako. Kuma yana duba jerin ƙasashen fasinjoji kafin ya yi oda, don cin taliyar Italiyawa daban, cin dankalin 'yan Ingila daban.

Ga Musulmi, nan ne zagayen ya fi amfani, kuma nan ne ya fi zuwa a makare. Nama a daskare yake zuwa cikin kwali daga 'yan kwangila, an yi odarsa makonni kafin tafiya. Jirgi ba ya yanka, ba ya aika wani kasuwa a Genoa ya sayo. Saboda haka wanda ke son naman halal sai ya rubuta wa kamfani tun lokacin sayen tikiti, wasu na neman sanarwar wata biyu ko fiye, kuma ba kowane jirgi ke iya bayarwa ba. Abin da na gani da idona shi ne naman alade da na shanu a firiza ɗaya, kowane a rufe cikin kwalinsa a kan katakonsa. A kicin allunan yanka launi-launi ne, na ɗanyen nama daban, na kifi daban, na ganye daban, amma rabon na tsafta ne, ba na halal da haram ba. Wurin da ke da tukwanensa da wuƙaƙensa shi kaɗai shi ne kusurwar da ake dafa wa masu larurar da ba sa cin wasu abubuwa, kuma idan ka yi rajistar buƙatarka, daga nan abincinka zai fito. Inda ya kamata a yi hattara shi ne wurin ɗiban abinci da kai, musamman da safe, inda ƙwai da naman alade ke iya bin faranti ɗaya na suya. Sai kuma giyar inabi da ake zubawa a miya da shinkafar Italiyawa da wasu kayan zaƙi, wadda ba lallai a rubuta ta a takardar abinci ba. Hanyar da ke aiki ita ce ka sami shugaban masu hidimar teburi tun daren farko, ya riƙa kawo maka takardar abincin gobe kana zaɓa, shi kuma ya kai wa mai dafawa. Zagayen zai tabbatar maka da duk wannan, amma idan ranar teku ta faɗo a ƙarshen tafiya, ka riga ka ci abin da ka ci.

Babban kicin ƙarfe ne mara tsatsa daga ƙasa har rufi. A bango an manna hoton kowane faranti yadda ake so ya fita, don na mutum na farko da na mutum na dubu su zama iri ɗaya. Gidan burodi ba ya barci. Ba a girki da buɗaɗɗiyar wuta, da lantarki da tururi ake yi, saboda gobara. Abinci mai zafi ana riƙe shi a digiri 57 ko sama, kuma duk abin da aka fitar wurin ɗiba ana manna masa alamar lokaci, awa 4 na cika a zubar ko ba a taɓa shi ba. Wannan tsauri daga Amurka ya samo asali: hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC tana da shirin duba tsaftar jiragen fasinja tun shekarun 1970, jami'anta na hawa ba sanarwa, su ba da maki cikin 100, wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma ana wallafa sakamakon kowa ya gani. Abin da ake tsoro shi ne cutar amai da gudawa ta norobairos, wadda ke bin hannu da ƙarfen dafawa da cokalin ɗiban abinci. Man goge hannu bai cika kashe ta ba, sabulu da ruwa ne maganinta. Sai dai in faɗi gaskiya, kicin shi ne ɓangaren da aka fi samu a arha ko kyauta, don haka kada a biya dala ɗari saboda shi kaɗai.

Ɗakin shara ba ya cikin hotunan talla, amma ya fi bayan dandamalin wasa koyarwa nesa ba kusa ba. Mutane ne a tsaye da safar hannu suna buɗe ledar kowane ɗaki suna warewa. Kwalba a niƙe, gwangwani a matse, kwali a ɗaure, abin ƙonawa ya tafi tanderun jirgi, sauran a sauke a tasha da takardar shaida. Yarjejeniyar hana gurɓata teku ta MARPOL ta haramta zuba roba a teku kwata-kwata. Ragowar abinci kuwa, a Bahar Rum, sai an niƙe shi ya iya wuce rariya mai ramin milimita 25, kuma sai jirgi na tafiya, ya yi nisan mil 12 na teku daga gaɓa. Wanda ke warewar ya nuna mana bokitin abin da suka tsinta: batura, reza, allurai. Mai ciwon suga da ke yi wa kansa allura ya nemi akwatin zubar da allura wajen mai gyaran ɗakinsa, ana bayarwa, kada ya jefa a kwandon shara hannun wani ya same ta.

Wurin wanki na can ƙasa da fuskar ruwa, da zafi da ƙara. Doguwar na'ura ce kaya ke shiga ta baki ɗaya su fito ta ɗayan a wanke, sannan mutum biyu su kama bakin zanen gado su miƙa wa wata, ta goge ta ninke ta ajiye. Jirage da dama na tara ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗakuna su yi wanki da shi. Daga nan aka ratsa da mu ta ɗakin cin abincin ma'aikata, inda tukunyar shinkafa ba ta sauka, don akasarinsu 'yan Filifin da Indunusiya da Indiya ne. Ɗakunan kwanansu ba a shiga, kuma haka ya dace. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako, amma ba ta wajabta ranar hutu guda cur ba, kuma da yawansu kan yi wata 6 zuwa 9 a haka. Nan gidansu ne, mu baƙi ne. A yi gaisuwa, kada a ɗauki hoton fuskar kowa ba izini, kada kuma a tambayi mutum albashinsa shugabansa na tsaye. Bayan dandamalin wasa kuwa minti goma ya isa: kayan sawa a rataye, igiyoyin labule, da lif ɗin da ke ɗago 'yan wasa daga ƙasa.

Wajibi ne a fahimci wani abu kafin a biya: ainihin ɗakin inji ba a shiga. Ɗakin kula da injuna ake kai mutum, wuri mai sanyi da shiru, cike da allunan kwamfuta, injiniya mai jiran aiki na zaune gabansu. Wanda ya zo don ya ga fistin da farfela zai koma da haushi. Wanda ya zo da tambaya kuwa, nan ne tsakiyar zagayen.

A allo ɗaya ana ganin zanen injunan, masu aiki da launi ɗaya, masu hutawa da wani. A mafi yawan manyan jiragen yau inji ba ya juya farfela kai tsaye. Janareto yake juyawa, wutar ta shiga babban layi, a raba ta tsakanin tuƙi da bukatun otal: sanyaya ɗakuna, kicin, lif, fitilu, famfunan ruwa. Jirgin Oasis of the Seas, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finlan ya fara aiki a 2009, yana da injuna 6 da ke ba da kusan megawat 97. A ƙarƙashin bayansa akwai manyan kwanso 3 na Azipod, kowane da motar lantarki ta megawat 20 da farfela a jikinsa, kuma yana juyawa ko ta ina, don haka shi ne mai turawa shi ne mai karkatarwa. A goshi akwai ƙananan farfela 4 a cikin ramuka da ke tura jirgi gefe. Injiniya na kunna inji ko kashe shi gwargwadon bukata. A tasha ɗaya ko biyu sun isa, idan ana sauri kuwa a tada ƙari. Sauri ne ke cin mai: ƙara gudu da kashi 10 cikin 100 na neman ƙarin ƙarfi kusan kashi ɗaya bisa uku. Shi ya sa jirgi ba ya son jiran wanda ya makara a gari, don awar da aka ɓata a tasha da mai ake biyanta cikin dare. Man ma akwai doka a kansa. Daga 2020 sinadarin sulfa a man jiragen ruwa bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba a duniya, a Bahar Rum kuwa an sauke shi zuwa 0.1 daga 1 ga Mayu 2025. Jirgi ko ya sayi tataccen mai, ko ya sa na'urar wanke hayaƙi, ko ya zama cikin sababbi masu ƙona iskar gas da aka sanyaya ta zama ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili.

Tambayar da ta fi buɗe bakin injiniya ita ce: me ke faruwa idan wuta ta ɗauke? Tunda komai a kan lantarki yake, ɗaukewarta na tsayar da tuƙi da sanyi da girki da ban-ɗaki a lokaci guda. A Fabrairun 2013 mai ya tsiyaya daga wani bututu a ɗakin injin Carnival Triumph ya kama wuta a Tekun Meziko. An kashe gobarar, amma jirgin ya rasa lantarki, mutum sama da 4,000 suka yi kwanaki ba ban-ɗaki mai aiki, har aka ja shi zuwa Mobile a jihar Alabama. A Maris 2019 kuma injunan Viking Sky suka mutu a gaɓar Norwe cikin guguwa, don baƙin man inji ya yi ƙasa a tankunansa, tangaɗin ruwa ya sa famfo ya zuƙi iska, injunan suka kashe kansu. Sai da aka kwashe ɗaruruwan fasinjoji da jirgi mai saukar ungulu. Manyan jiragen fasinja da aka fara ƙerawa daga Yulin 2010 doka ta wajabta a tsara su yadda idan gobara ko ruwa ya ci sashe ɗaya, sauran zai iya kai jirgi tasha, shi ya sa ake raba injuna a ɗakuna biyu. Tambayi shekarar da aka ƙera jirginka.

A nan ne kuma ake bayanin ruwan sha. Daga teku ake yin mafi yawansa, ta hanya biyu: a tura ruwan gishiri da matsi mai ƙarfi ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi, ko a tafasa shi da zafin da injuna ke fitarwa a tara tururin. Sannan a mai da masa ma'adanai, a sa kulorin. Ba a yin ruwa a cikin tasha saboda ƙazanta. Masai kuwa da zuƙar iska yake aiki, ruwan da yake sha kusan lita ɗaya ne, bututunsa siriri ne, faɗinsa kamar santimita 5. Ƙyallen goge jiki ɗaya ko ƙunzugun jariri na iya toshe layi ya kashe masan ɗakuna da yawa a jere. Yawancin waɗannan jirage ba su da tiyon tsarki, don haka mutum ya sa ƙaramar buta a jakarsa.

Ɗakin tuƙi ne ake ajiyewa ƙarshe. A da ana kai fasinjoji kyauta, amma bayan harin 11 ga Satumba 2001 da dokar tsaron jirage da tashoshi ta ISPS da ta fara aiki a Yulin 2004, ƙofar ta rufu. Aka ƙara tsaurarawa bayan jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gefen tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairu 2012, mutum 32 suka rasu, kuma bincike ya nuna akwai waɗanda ba su da aiki a ɗakin tuƙin a lokacin. Tun daga nan manyan kamfanoni suka hana baƙo shiga yayin shiga tasha ko fita ko ratsa matsatsi. Don haka ba za ka ga ana ɗaure jirgi daga nan ba, komai kuɗinka.

Faɗin ɗakin ya zarce faɗin jirgin, gilashi ne daga wannan gefe zuwa wancan. A tsakiya kujeru biyu ne na hafsoshi, gabansu rada da taswirar kwamfuta, ga mai tsaron ido a tsaye yana kallon ruwa, ba ya juyowa ko an yi masa magana. Sitiyarin bai kai faɗin faifai ba, kuma a tsakiyar teku ba a cika taɓa shi ba, na'ura ke bin layin da aka zana, hafsa na sa ido. An ja mana igiya, aka ce iyakarmu nan, kada a taɓa komai, murya ƙasa-ƙasa. Fiffiken ɗakin, wanda ya leƙo waje ta kowane gefe, shi ya fi burge ni. Akwai gilashi a ƙasan inda ake takawa, kana tsaye kana ganin ruwa can ƙasa da tsawon jikin jirgin har baya, ga kuma madannan tuƙi an maimaita su a wurin. Daga nan kyaftin ke matsar da jirgi jikin tasha. Jagoran tasha yana hawowa daga ƙaramin kwale-kwale ya ba da shawara, amma alhakin jirgi na wuyan kyaftin.

Hafsan da ya yi mana bayani ya ce iska ta fi igiyar ruwa ba su wahala a tasha. Jikin jirgin da ke cikin ruwa mita 8 zuwa 9 ne kawai, na sama kuwa bango ne mai hawa goma sha wani abu, iska na kama shi gaba ɗaya. Idan iskar Mistral ta taso daga kwarin Rhone ta fi ƙarfin farfelan gefe, sai a fasa shiga Marseille ko da rana na haske tar. Fikafikan da ke fitowa daga ƙasan jirgi suna rage tangaɗin gefe da gefe ne kawai, kuma sai jirgi na gudu, ba sa hana goshi dagawa da sauka. Mai jin jiri ya nemi ɗaki a tsakiya, a hawa na ƙasa. A bayan ɗakin tuƙi akwai allon da ke nuna kowace na'urar jin hayaƙi a jirgin, ɗaki bayan ɗaki. Da ka gan shi ka gane dalilin ƙwace dutsen guga da kyandir da kaskon turaren wuta a bakin shiga. A 2006 gobarar da ta tashi a barandar wani ɗaki a Star Princess, wadda ake kyautata zaton guntun taba ne sanadinta, ta ci ɗakuna da dama, mutum ɗaya ya rasu. Na tambayi hafsan batun alƙibla, ya ce kamfas ɗin waya na ruɗewa saboda ƙarfen jirgi, gara a duba tashar talabijin ta ɗaki da ke nuna inda goshin jirgi ya dosa, a yi lissafi daga nan. A yammacin Bahar Rum gabas ce maso kudu.

Kada mutum ya ɗauka ya ga komai. Hanyar da ake bi zaɓaɓɓiya ce, an share ta, an san za ku zo. A 2016 kamfanin Princess ya amsa laifi a kotun Amurka aka ci shi tarar dala miliyan 40, saboda wani ɓoyayyen bututu da ke zubar da ruwa mai gauraye da mai a teku daga jirgin Caribbean Princess, alhali doka ta ce kada man da ke cikin irin wannan ruwa ya wuce kashi 15 cikin miliyan. Injiniyan jirgin ne ya tona, ba mai zagaye ba. Abin da zagaye ke nunawa shi ne yadda aka tsara abu ya yi aiki, kuma wannan ma ilimi ne mai yawa, amma ba bincike ba ne.

A ganina ya ci kuɗinsa sau ɗaya, a babban jirgi, idan ɗakin tuƙi da na kula da injuna na ciki. Injiniya, mai harkar otal ko gidan abinci, ma'aikacin lafiya, da matashin da ke tunanin aikin teku za su fito da abin da ya fi kuɗin. Jaka da hoton rukuni da kofin giya da ake miƙawa a ƙarshe kada su shiga lissafi, mai so ya nemi lemo a madadin. Iyali mai mutum 4 kuwa dala 400 zuwa 800 za su kashe, kuma yaro ɗan shekara goma zai gaji tun a sito. Gara mutum ɗaya ya je, sauran kuɗin su tafi ziyarar kufan tsohon garin Pompeii ranar da aka tsaya Napoli. Zagaye na biyu a jirgi irin na farko maimaici ne.

Wanda bai son biya yana da hanyoyi. Kamfanonin Princess da Holland America sun saba yin nunin girki a ranar teku ta ƙarshe, a biyo da ratsa kicin kyauta. Jirage da yawa na shirya zaman tambaya da amsa da kyaftin da babban injiniya a zauren wasa, inda za ka yi tambayoyin da na lissafa ba ko sisi. Jirgin Queen Mary 2 na da wurin leƙen ɗakin tuƙi ta bayan gilashi a ranakun teku, kamfanin Norwegian kuma na ba daɗaɗɗun abokan cinikinsa da suka kai wani mataki zagayen a kyauta. Idan kuwa ka biya kuma an ba ka zaɓin lokaci, ɗauki na safiyar ranar teku, lokacin da injuna ke aiki sosai, kicin na shirin abincin rana, hafsoshi na kan tuƙi. A ranar tasha kuwa akasarin injunan a kashe za ka same su.